Layi Mai Ɗigo-ɗigo a Takardar Gidan Hajiya Kande

A da, idan mai nazarin al'adu ya sauka a Nima, unguwarmu a nan Akara, sai ya yi wata uku bai rubuta harafi ɗaya a gaban mutane ba. Ya je suna, ya je jana'iza, ya ci abin da aka ci, har mata su daina sauya zance idan ya yi sallama. Yanzu kuwa ina zaune a ƙofar gidana ina kallonku, samari da 'yan mata, kowa da riga mai tambari da waya a hannu, kuna shiga gida goma kafin azahar. Ku yi sallama ƙafa ɗaya na waje, ku karanto tambaya, ku danna, ku wuce. Da yamma ku taru wurin mai shayi a Kawukudi kuna cewa aikin ba wuya, duk mai Hausa da ɗan Turanci zai iya. Da kunnena na ji. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sana'ata tafinta ce, amma ba irin ta kotu ko ta asibiti ba. Sama da shekara arba'in na yi ina raka masu binciken yadda mutane ke rayuwa: yadda suke aure, yadda suke ƙirga dangi, yadda suke binne mamacinsu. Kafin nan motocin goro nake bi, daga Kumasi zuwa Wagadugu, Yamai, Kano, wani lokaci Lome da Abijan. A hanya na tsinci Tuwi da Zabarmanci da Faransanci, ban da harshen Ga da na taso ina ji a bakin teku da Turancin makaranta. Na dawo Akara ina ɗan shekara talatin, ina jin babu wanda ya fi ni baki.

Malam Garba ne ya sauke mini wannan girman kai. Dattijo ne ɗan asalin Dosso, shi ne tafintan da duk baƙon jami'a ke nema a lokacin. Ranar da na je neman ya koya mini, bai tambaye ni harshe nawa nake ji ba. Ya tura ni wani suna a Mamobi, maƙwabciyar Nima, ya ce in zauna daga safe har a watse, kada in tambayi kowa komai, in dawo in gaya masa su wa ke gaba da juna a gidan. Na dawo na ce lafiya lau, kowa na dariya.

"Wa ya raba goro?" in ji shi.

Na ce ban lura ba.

"Wa aka miƙa wa cinyar rago, wa aka aika wa a kwano rufe?"

Na ce wannan ma ban gani ba.

"Alhajin goro, harshe biyar gare ka, ido ko ɗaya babu. Koma wani sunan."

Suna bakwai na zauna kafin ya bar ni in riƙe masa jaka. Abin da masu ilimin nan ke kira zama cikin mutane ana kallo ana kuma yi tare da su, haka na koye shi, da ciwon baya a kan benci.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Fensir, ba biro ba, don gumi da ruwan sama ba sa wanke fensir. Littafi ƙarami mai shiga aljihu, wanda ba a fito da shi sai an koma gefe. Rikoda mai kaset, da batir a nannaɗe cikin leda. Goro fari na gaisuwa. Sai babbar takarda da ake zana dangi a kai: alwatika namiji, da'ira mace, layi biyu aure, layi miƙaƙƙe daga sama zuwa ƙasa haihuwa. Idan ɗan riƙo ne, wanda aka raina ba a haifa ba, sai a ja layi mai ɗigo-ɗigo. Ku riƙe wannan layin, zan dawo gare shi.

Masu ɗaukarmu aiki iri-iri ne. Akwai wanda ke zuwa da amsarsa a jaka, yana neman bakin da zai maimaita masa ita. Akwai wanda ke tambayar "don me" a kan komai, har ya tambayi mace mai takaba don me take zaune a tabarma. Na taɓa raka wani da ya zo daga Kumasi, inda Asante ke bin dangi ta wajen uwa, ya iso Zongo, wato unguwannin baƙi irin su Nima, yana zana gidajenmu ta wajen kawu. Na ce masa a Kumasi haka ne, a Kano ta wajen uba ake bi, mutanen Ga kuma gidan kakanni suke fara tambaya, kuma babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Darasin farko ke nan: ba ka zo auna mutane da mudun garinku ba. Ka zo ka gane mudunsu.

Darasi na biyu, abin da mutum ya faɗa da abin da yake yi ba ɗaya ba ne, kuma ba ƙarya yake yi ba. Na tambayi wani mai gida a Nima mutum nawa ke ci daga tukunyarsa, ya ce takwas. Washegari na zauna kusa da murhu na ga kwano goma sha tara sun fita. Shi waɗanda ya haifa ya ƙirga. Matarsa kuwa bakunan da take ciyarwa ta sani, har da tsohon da ke kwana a shagon tela. Ku da wayarku da takwas za ku tafi, kuma takwas ɗin ne zai shiga rahoto. Saboda haka Malam Garba ya ce salsalar gida sau uku ake ɗaukarta: daga bakin maza a ƙofa, daga bakin mata a wurin girki, sannan daga idonka ranar suna da ranar mutuwa. Ya ƙara da doka ɗaya. Abin da aka faɗa bayan an kashe rikoda, a kai yake zama, ba ya hawa takarda.

Aikin da na fara yi ni kaɗai, bayan ƙafa ta hana Malam Garba yawo, shi ne na gidan Hajiya Kande a Mamobi, can kusa da babbar kwata. Hajiya mai shinkafa da wake ce, da cinikin nan ta gina gidan ɗaki-ɗaki, mijinta ya rasu da wuri. Wadda ta ɗauke ni wata Baturiya ce mai nazarin yadda ake riƙon yara a Zongo. Ran Lahadi ta fara zuwa, sai matan gidan suka sa mata Ladi, sunan ya bi ta har ƙasarsu. Ba zan ci amanarta ba, ta iya aiki. Wata biyar ta yi tana yankan albasa tana hawaye, tana tsintar wake, tana koyon Hausar Zongo da ba ta raba "ya" da "ta". Hajiya kan ce, "Ladi, wannan hannun naki ba na miji ba ne, na littafi ne. Kawo wuƙar kafin ki yanka mini yatsa a miya."

Mazan unguwa sun ba mu salsalar gidan ba gargada. 'Ya'ya huɗu, babbansu Sidi, wanda a lokacin yake koyon sayar da kayan gyaran mota a Abosokai. Na zana layi huɗu miƙaƙƙu. Duk abin da idona ya gani ya yarda da haka. Sidi ne ke zama a madadin uba idan an zo neman aure, shi ake fara zuba wa abinci, shi Hajiya ke ɓoye wa suna tana ce masa "Babba".

Wata rana da hantsi, kaset ya ƙare, na kashe rikoda ina neman wani. Hajiya tana tsintar wake, ba ta ko ɗaga kai ba, ta ce, "Babba ba daga cikina ya fito ba." Ta ce wata baƙuwa ce daga arewa ta sauka a gidan da tsohon ciki, ba ta da kowa a Akara, ta haihu, ta rasu kafin suna. Hajiya tana goyon 'yar da ba ta zauna ba a lokacin, sai ta ɗora shi a nono. Mijinta ya yanka rago ya raɗa masa suna. Shi ke nan.

Ladi ta tambaya a hankali ko Sidi ya sani.

Hajiya ta ce, "Nonona ya sha. Me kuma zai sani?" Sannan ta nuna ni da tsinken da ke hannunta. "Kai mai fensir, wannan kada ya hau takarda."

Na ce, "Ba zai hau ba, Hajiya."

Da la'asar, a ɗakin da Ladi ke haya, muka shimfiɗa babbar takardar. Ta ce binciken nata gaba ɗaya a kan riƙo ne, ga riƙo mafi kyau da ta taɓa gani, kuma takarda tana cewa haihuwa. Ta ce a littafin da za ta buga za ta sauya sunaye da unguwa, wannan takardar aiki kuwa a akwati za ta kulle ta, ba mai gani. Ba ta tilasta ni ba. Ni ne na kalli layin na ji yana damuna, kamar tela ya ga ɗinki a karkace. Na ɗauki abin goge fensir na goge shi, na ja mai ɗigo-ɗigo daga da'irar Hajiya zuwa alwatikar Sidi. Na rubuta a gefe da hannuna, "ɗan baƙuwa, shayarwa". Sunayen gaskiya duka suna kai. Aikin bai kai minti ɗaya ba.

Littafin Ladi ya fito, ba wanda ya gane kowa a ciki. Ta cika wannan alkawarin. Shekaru suka wuce. Na raka wasu Tamale, na raka wasu Yamai, na yi aikin hajji. Hajiya Kande ta rasu, Sidi ne ya shiga kabari ya karɓe ta. Ƙanensa Habibu ya rasu ya bar yara ƙanana, Sidi ya riƙe su da cinikin Abosokai, ya kai babbansu Nasiru har jami'a. Gidan kuwa ba a raba shi ba, kamar yadda ake barin gidajen gado da yawa a Zongo, kowa da ɗakinsa, babba yana kula da rufi da famfo.

Sai mummunar shekarar ta zo. Ladi ta rasu a ƙasarsu, magadanta suka kwashi akwatunanta suka ba wani ɗakin ajiyar littattafai. Su kuma suka ɗauki hoton kowace takarda suka zuba a intanet, wai don ilimi ya isa ga kowa. Ba wanda ya aiko ya tambayi Mamobi. Ba wanda ya nemi sanin ko mai hannun da ke gefen takardun yana raye. A daidai lokacin wani mai kuɗi yana bin gidajen bakin titi yana saye yana tayar da bene. Jikokin Hajiya suna so a sayar, Sidi ya ce ba a rushe ɗakin da uwarsa ta mutu a ciki yana numfashi. Nasiru, wanda shi ma irin aikinku yake yi na yawo da waya, ya rubuta sunan kakarsa yana neman wata tsohuwar shaidar fili, sai takardata ta faɗo masa.

Aka kira ni gaban limamin unguwa da dattawa, bayan sallar la'asar, a tsakar gidan. An buga takardar babba, an shimfiɗa a tabarma an danne da duwatsu. Na gane hannuna tun daga ƙofa. Sidi yana zaune a kujerar roba, gemu fari fat, hannuwansa masu tabon baƙin mai a kan gwiwa.

Nasiru ya fara magana. "Ba mu da faɗa da Malam Sidi."

Wani dattijo ya katse shi. "Da wa?"

"Da Malam Sidi."

"Jiya Baba ne, yau Malam? Wayar ce ta raɗa masa sabon suna?"

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya juyo gare ni. "Alhaji, tambaya ɗaya ce. Wannan rubutunka ne?"

Na ce nawa ne. Na roƙi a bar ni in yi bayani, aka bar ni. Na ce takardar nan maganar hantsi ɗaya ce, amma ni na ga shekara arba'in. Na ce a aikinmu ba a yanke hukunci da baki ɗaya, sai an haɗa da abin da ido ya gani. Na tambayi Nasiru wa ya riƙe shi ranar da aka yi masa aski na suna, wa ya tsaya masa ranar ɗaurin aurensa.

Ya ce, "Alhaji, da girmanka, ba mu musa alheri ba. Amma kai da kanka ka rubuta. Ko bincikenku ƙarya ne?"

Na ce ba ƙarya ba ne.

"To shi ke nan. Mu ma bincike muka yi."

Wannan kalmar ce har yau take ƙona ni. Ya danna waya sau biyu ya kira shi bincike. Bai zauna da tsohuwa ko ɗaya ba, bai tambayi me ya sa unguwa guda ta yi shekara saba'in ba ta furta wannan magana ba.

Liman ya gyara zama. Ya ce shi ba ya son ranar nan, amma tunda an kawo magana gabansa a rubuce, kuma mai rubutu ya amsa, dole ya faɗi abin da shari'a ta ce. Shayarwa tana sa 'yan'uwantaka, tana haramta aure, amma ba ta ba da gado. Ya ce da Hajiya ta yi wasiyya ko ta ba shi ɗakin kyauta a gaban shaidu, da an tsaya a kai. Ba ta yi ba. Ina za ta yi wa ɗanta wasiyya, alhali a wurinta magaji ne? Liman ya roƙi magada su bar wa dattijon ɗakinsa don Allah. Nasiru ya ce mai saye ba ya sayen gida da ɗaki ɗaya a tsakiya.

Sai Sidi ya yi gyaran murya. Bai kalli Nasiru ba, ni ya kalla.

"Alhaji, kana tsammani ban sani ba?"

Ya ci gaba.

"Tun ina ɗan shekara goma na sani. Matar da ke sayar da koko a bakin layi ta sani. Mahaifin liman ya sani, shi ya yi wa matar da ta haife ni salla. Habibu ma ya sani, ya mutu bai taɓa faɗa mini ba, ko ranar da muka yi dambe. Kowa ya sani. Ba a dai faɗa."

Ya nuna takardar da ƙafa. "Mma ce ta ce ka zana?" Hajiya yake nufi.

Na ce, "Cewa ta yi kada in zana."

Ya gyaɗa kai. "To."

Ya miƙe ya shiga ɗakinsa ya saki labule. Aka watse.

A ranar na gane abin da suna bakwai da shekara arba'in ba su koya mini ba. Ni na ɗauka sirri Hajiya ta ba mu, sirri kuwa ana iya kulle shi a akwati. Ashe ba sirri ba ne. Al'ada ce, irin ta mutanen da kowa a cikinsu baƙo ne ko ɗan baƙo. A Zongo, inda wannan ya zo daga Sakkwato, wancan daga Yandi, wancan ba a ma san daga ina ba, an yarda cewa wanda aka raɗa wa suna a gida ɗan gida ne, kuma ana tsare wannan yarda da yin shiru. Na ga irinta a Zongon Kumasi, na ga irinta a Abijan, na wuce ban gane ba. Shirun shi ne abin da ya kamata mu rubuta a kansa. Mu kuwa muka zana ainihin abin da ake yi wa shirun. Muddin ba a faɗa ba, liman ba shi da abin yanke wa hukunci. Da ya hau takarda, dole ya yanke.

Na rubuta wa ɗakin ajiyar nan wasiƙa da Turanci, shafi uku. Bayan watanni suka amsa da ladabi, suka ce sun yi baƙin ciki, sun cire takardar. Suka kuma tambaye ni, tunda ina raye, ko zan taimaka musu in fassara sauran. A lokacin hoton yana cikin wayar duk wani jikan Hajiya har da na Jamus.

Yanzu kuna da takardar neman yarda, kuna karanta ta da gudu, tsohuwa ta dangwala yatsa, ku ce ta yarda. Ta yarda da me? Ta san inda maganarta za ta kwana bayan shekara talatin, bayan ku da mai aikenku duk kun mutu? Hajiya Kande mutum biyu ta yi wa magana, a kan tiren wake, rikoda a kashe. Ba ta yi wa duniya ba. Idan ba za ku iya gaya wa mutum inda kalmarsa za ta ƙare ba, ba ku da ikon karɓarta. Idan ya ce kada a rubuta, kada ku rubuta, ko da takardarku za ta zauna a karkace har abada. Ni na san abin da gyaran minti ɗaya ya ci.

An sayar da gidan kafin azumi. Sidi ya ƙi karɓar abin da suka kira kyauta. Ya ɗora gadonsa da akwatinsa da tukunyar Hajiya guda ɗaya a motar kaya, ya koma wurin 'yarsa a Ashaiman. Na je gaishe shi sau biyu. Ya karɓe ni, ya sa aka kawo mini ruwa, muka yi zancen tsadar kayan mota. Bai ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Inda murhun Hajiya yake, yanzu shagon sayar da waya ne.

Littattafan aljihuna kuwa, na fito da su duka, na bi su shafi-shafi da abin goge fensir. Duk inda sunan mutum yake na goge. Fensir ne, ya gogu.

Kwanan baya wata ɗalibar jami'a, 'yar Nima ce ma, ta zo ta roƙe ni in kai ta wurin tsofaffin matan Mamobi, tana so ta yi nazarin riƙo. Yarinya mai hankali, ta zo da goro, ta ajiye waya a jaka. Na kai ta gida uku. A kowanne an shimfiɗa mata tabarma, an ba ta abinci, an sa mata albarka. Da ta kawo zancen, wata tsohuwa da ta san ni tun zamanin Ladi ta dube ni ta ce, "Alhaji, duk 'ya'yan gidan nan mu muka haife su."

Haka za a gaya muku ku ma, a kowace ƙofa. Da, tsohuwa a Mamobi kan faɗa wa baƙo gaskiyar gidanta idan ya zauna ya tsinci wake tare da ita. Tun daga ranar da aka shimfiɗa takardata a tsakar gidan Hajiya Kande, ba a ƙara faɗa ba, kuma ba za a ƙara ba.